Me Ya Sa Rugujewar Meson B Ke Ba Da Amsa Biyu Ga |Vcb|?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, ina digiri na biyu a fiziks, an ba ni aiki a kan rugujewar meson masu nauyi. Na ga wasu takardu suna ba da |Vcb| kusan 0.039, wasu kuma kusan 0.042. Ta yaya ake wannan lissafi tun daga tushe, kuma ta ina bambancin yake shigowa?"

Ɗan'uwa, abin da za ka fara riƙewa shi ne babu wanda ya taɓa ganin kwak b yana rugujewa shi kaɗai. Abin da na'ura ke gani meson ne: kwak mai nauyi ɗaure da kishiyar kwak mai sauƙi, gulon na kewaye da su. Aikin da ƙarfi mai rauni ke yi, wato mayar da kwak b ya koma kwak c (|Vcb| shi ne lambar da ke auna ƙarfin wannan sauyi), ɗalibi zai lissafa shi a shafi biyu. Ɗaurin da ƙarfi mai tsanani ke yi, wanda ka'idar QCD ke bayani, shi ne ya cinye wa masana fiye da shekara 30, kuma a nan gizo ke saƙar. Lambobi biyun da ka gani sun fito ne daga dabaru biyu mabambanta na shawo kan wannan ɗauri.

Matsalar tana da hawa uku na makamashi. A sama akwai W, ƙwayar da ke ɗaukar ƙarfi mai rauni, mai nauyin 80.4 GeV. A tsakiya akwai kwak b, tsakanin 4.2 da 4.8 GeV gwargwadon yadda aka fassara nauyin, da kwak c kusan 1.3 GeV. A ƙasa akwai ma'aunin QCD, wanda ake rubutawa Λ, ƴan ɗaruruwan MeV, inda lissafin gyare-gyare jere da αs, lambar ƙarfin haɗuwar kwak da gulon, ba ya aiki ko kaɗan. Meson B0 yana da nauyin 5.280 GeV, yana rayuwa fikosakan 1.52. D+ yana da 1.870 GeV, D*+ kuma 2.010 GeV. Duk sana'ar ita ce raba waɗannan hawa uku, a ba kowane kayan aikin da ya dace da shi.

Hawa na sama ba shi da wahala. A rugujewar B zuwa D da lefton (ilektiron, muwon ko tau) da nutirino, q², wato murabba'in nauyin lefton da nutirino a haɗe, ba ya wuce 11.6 GeV², alhali murabba'in nauyin W ya kai kusan 6,460 GeV². Don haka sai a cire W daga lissafi, a bar ɗigo ɗaya inda b, c, lefton da nutirino suke haɗuwa, ƙarfinsa GF/√2 sau Vcb, GF kuwa, lambar Fermi, 1.166 × 10⁻⁵ GeV⁻². Gyaran lantarki na gajeren zango, wanda Sirlin ya lissafa a 1982, yana ninka amfilitud da 1.0066. Lefton da nutirino ba sa jin QCD, saboda haka amfilitud ɗin ya rabu gida biyu tsaf: ɓangaren lefton da aka sani sarai, da ɓangaren hadron da ba a sani ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake auna Vcb da rugujewa mai lefton. Idan duk abin da ya fito hadron ne, kamar B zuwa D da payon, gulon na iya tsallakawa tsakanin ɓangarorin biyu, rabuwar ta zama abin da sai an tabbatar da hujja. Beneke, Buchalla, Neubert da Sachrajda sun gina wannan hujja daga 1999, amma wancan wani darasi ne daban.

Ɓangaren hadron ana rubuta shi da wasu ayyukan q² da zan kira ma'aunan siga. B zuwa D yana da biyu, f+ da f0. B zuwa D* yana da huɗu, domin D* yana da juyi 1. Idan lefton ɗin ilektiron ne ko muwon, f0 da ma'auni na huɗu na D* kusan ba sa tasiri, saboda gudummawarsu tana tafiya da murabba'in nauyin lefton. Gwaji yana auna Vcb sau ma'aunin siga ne kawai, ba ya iya raba su. Kuskuren kashi 2 cikin 100 a ma'aunin siga kuskuren kashi 2 ne a Vcb, kai tsaye.

To ta yaya za a san ma'aunin siga ba tare da warware QCD ba? Ka ɗauki akuya ɗaure a turke. Tana zagaye iyakar tsawon igiyarta, ba ruwanta da ko turken na icce ne ko na ƙarfe, muddin yana kafe a wuri ɗaya. Kwak mai nauyi shi ne turken, kishiyar kwak mai sauƙi da gulon su ne akuyar da igiyarta. Suna musayar motsi na ƴan ɗaruruwan MeV da abin da ya kai GeV 4 ko 5, don haka ba sa iya gusar da shi, ba sa kuma "sanin" nauyinsa ko inda juyinsa ya fuskanta. Abin da suke ji kawai cajin launinsa da saurin tafiyarsa. Shaidar tana cikin teburin nauyi: B* ya fi B da 45 MeV kawai, D* ya fi D da kusan 142 MeV. Wannan tazara daga juyin kwak mai nauyi take, kuma ya kamata ta ragu kamar 1/m. Raba 142 da 45 ka samu kusan 3, daidai da yadda b ya ninka c a nauyi. Ka gwada ta wata fuska: bambancin murabba'in nauyi 0.48 GeV² ne ga B, 0.55 GeV² ga D, kusan abu ɗaya.

Isgur da Wise, a 1989 da 1990, bayan aikin Voloshin da Shifman, sun nuna cewa idan nauyin b da c ya tafi mara iyaka, duk ma'aunan siga shida suna komawa aiki ɗaya tak, ξ(w). Shi w ninkin saurin B ne da saurin D*, kuma w = (mB² + mD*² − q²) / (2 mB mD*). Yana farawa daga 1 ya tsaya a 1.50 ga D*, 1.59 ga D. A w = 1, inda q² ya kai ƙololuwarsa ta 10.7 GeV², D* yana nan tsaye inda B yake. An zare turken icce an kafa na ƙarfe a rami ɗaya, akuya ba ta ji komai ba, saboda haka ξ(1) = 1 daidai. Idan w ya ɗaga, sabon turken yana tafiya, dole akuyar ta bi shi da gudu, kuma yiwuwar ta bi shi lafiya ba tare da igiya ta tsinke an samu wasu hadron ba tana raguwa. Shi ya sa ξ ke gangarowa.

Amma b da c suna da iyaka a nauyi, musamman c. Georgi da wasu sun mayar da wannan tunani cikakkiyar ka'ida a 1990, wadda ake kira HQET, inda ake jera gyare-gyare da αs da kuma Λ/m. Ga kwak c, Λ/2mc na iya kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100, wanda zai lalata komai. Abin da ya ceci lamarin hujjar Luke ce ta 1990: a w = 1, ma'aunin da ke mulkin B zuwa D* ba shi da gyaran 1/m, sai daga 1/m². Gyaran gulon na gajeren zango yana ba da kusan 0.96, gyaran 1/m² ya ƙara rage wasu kaso, kuma lissafin raga (lissafin QCD a kwamfuta, za mu zo kansa) na ƙungiyar Fermilab da MILC a 2014 ya ba da wannan ma'auni a w = 1, wato F(1) = 0.906 ± 0.013. B zuwa D ba shi da wannan cikakkiyar kariya, G(1) nasa kusan 1.05 ne. Wannan, tare da cewa kason B0 zuwa D* kusan kashi 5 cikin 100 ne, na D kuma kusan kashi 2, shi ya sa D* ya zama ƙashin bayan hanyar farko, wadda zan kira hanyar keɓewa domin ana zaɓar hadron ɗaya ne a ƙarshe.

Ga inda matsala take. Adadin rugujewa a kowane w yana tafiya kamar GF² |Vcb|² sau √(w² − 1) sau F(w)² da wasu lambobin motsi. A w = 1 wannan tushen murabba'i sifili ne. Wato a daidai wurin da ka'ida ta fi ƙarfi, babu ko rugujewa ɗaya da za a ƙirga. Ga D abin ya fi muni, domin (w² − 1) ne a ɗaga shi zuwa 3/2. Sannan akwai wata wahala ta na'ura. Ana gane D*+ ne ta rugujewarsa zuwa D0 da payon, kashi 68 cikin 100 na lokuta. Tazarar nauyin D*+ da D0 145.4 MeV ce, payon kuma 139.6 MeV, saura bai kai 6 MeV ba. Idan D* yana gudu, payon yana samun rabonsa na gudun. Idan D* yana tsaye, kamar kusa da w = 1, payon yana fitowa a hankali ƙwarai, filin maganaɗisu ya nannaɗe shi kafin ya ratsa isassun sassan na'urar bin sawu. Don haka ingancin ganowa yana faɗuwa daidai inda ake buƙatarsa. BaBar a SLAC ta Amurka ta tara tagwayen B kusan miliyan 470, Belle a KEK ta Japan miliyan 772, duk da haka dole a auna a w mai nisa sannan a miƙa layi zuwa 1.

Miƙa layi yana buƙatar siffa, kuma a nan ne nake ganin ya kamata ka fi zama. Ana canza w zuwa z = (√(w+1) − √2) / (√(w+1) + √2). Ka sa w = 1.5 ka gani: z bai wuce 0.056 ba. Kowane ma'aunin siga ana rubuta shi a matsayin jerin a0 + a1 z + a2 z² da sauransu, bayan an fitar da sanannun abubuwa kamar tasirin meson Bc masu juyi daban-daban, kuma ka'idar kiyaye yiwuwa ta tilasta jimlar murabba'in lambobin a0, a1, a2 da sauransu kada ta wuce 1. Wannan shi ne tsarin Boyd, Grinstein da Lebed na tsakiyar shekarun 1990, BGL. Caprini, Lellouch da Neubert, CLN, sun ƙara matse shi da dangantakar HQET tsakanin ma'aunan, har ya rage faramita huɗu kawai ga D*: tsayi a w = 1, gangara ρ², da rabo biyu R1(1) da R2(1). A lokacin da aka yi shi wannan hikima ce, domin bayanai kaɗan ne. Laifin da aka yi daga baya shi ne an ci gaba da amfani da lambobin CLN kamar ba su da kuskure, shekara kusan 20, har kuskuren gwaji ya zo ya yi ƙasa da kuskuren da ke ɓoye cikin tsarin kansa.

A 2017 Belle ta fitar da bayananta a sigar da kowa zai iya sake daidaitawa. Bigi, Gambino da Schacht, da kuma Grinstein da Kobach, suka gwada BGL a kansu suka samu kusan 0.0417, alhali CLN a kan bayanai guda ya ba da kusan 0.038. Mutane da yawa suka ɗauka an gama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba: babban samfurin Belle da ya biyo baya a 2018 ya ba da ƙasa da 0.040 da tsarin biyu duka. Darasin aiki da za ka ɗauka daga nan guda uku ne, kuma duk suna cizo. Na farko, inda ka yanke jerin z yana canza amsa. Idan ka yanke da wuri ka ƙirƙiri wani CLN ne da sabon suna, kuskurenka ya fito ƙarami na ƙarya. Ka riƙa ƙara lamba ɗaya-ɗaya har tsakiyar amsa da girman kuskure su daina motsi, tare da sa iyakar jimlar murabba'i a cikin daidaitawar. Na biyu, bayanan suna zuwa a rarrabuwa huɗu, w da kusurwoyi uku, yawanci rukuni 10 kowanne, kuma rugujewa guda ce ake ƙirgawa sau huɗu. Jadawalin dangantakar kurakurai saboda haka yana da layukan da ba su da ƴanci, idan ka juya shi kai tsaye kwamfuta za ta ba ka shirme. Sai ka cire rukuni ɗaya daga uku cikin rarrabuwar, ko ka raba siffa da jimla. Na uku shi ne karkatar D'Agostini, wadda aka bayyana a 1994: idan akwai kuskuren da ke ninka duk rukunai tare, kamar na ingancin gano payon, kuma ka lissafa shi daga lambobin da aka auna, daidaitawar tana jan amsa ƙasa. Maganinsa a lissafa wannan kuskure daga hasashen layin, a maimaita har ya tsaya. Ka lura karkatar ƙasa take ja, ɓangaren da hanyar keɓewa take.

Lissafin raga kuwa, wato sanya QCD a kan ɗigogin sarari da lokaci a cikin babbar kwamfuta, yana da tasa damuwar. Tazarar ɗigogi, wadda ake rubutawa da harafin a, takan kasance daga kusan 0.15 zuwa 0.045 femtomita. Raba 0.197 GeV·fm da wannan tazara ka samu iyakar makamashin da ragar za ta iya ɗauka: 2.2 GeV ga a = 0.09, 4.4 GeV ga a = 0.045. Kwak b bai shiga ba, ko ya shiga da ƙyar, kuma kurakuran raga suna girma kamar (a·m)². Fermilab da MILC suna amfani da wata ka'ida ta musamman ga kwak mai nauyi, wadda ke buƙatar daidaita kwararar b zuwa c da lissafin αs. Ƙungiyoyin HPQCD da JLQCD suna lissafi da kwak da bai kai b nauyi ba, a raga daban-daban, sannan su miƙa zuwa nauyin gaskiya. A w = 1 akwai dabara mai kyau: a ninka B zuwa D* da D* zuwa B, a raba da B zuwa B sau D* zuwa D*. Yawancin kurakurai suna soke juna, abin da ake lissafawa a zahiri shi ne tazarar amsar daga 1, don haka kuskuren kashi 15 a kan tazarar 0.09 ya zama kusan kashi 1.5 kawai a kan F(1). Da zarar w ya bar 1 wannan gata ta ragu, hayaniyar ƙididdiga ta ƙaru. Ga kuma D* da ke bakin rugujewa zuwa D da payon, abin da ke sa miƙawa zuwa nauyin payon na gaskiya ya yi wani lanƙwasa mai kaifi da ya dogara da ƙarfin haɗuwar D*, D da payon.

Daga 2021 Fermilab da MILC suka fitar da ma'aunan D* a w sama da 1, HPQCD da JLQCD suka biyo a 2023. An sa rai wannan zai kashe maganar miƙa layi. Abin da ya fito shi ne ƙungiyoyin sun yarda da juna sosai a w = 1, amma gangarar da Fermilab/MILC da HPQCD suka samu ta fi ta bayanan Belle tsanani, musamman a rabon R2, JLQCD kuma ta fi kusa da bayanai amma da kuskure mai faɗi. Idan siffar ka'ida da siffar gwaji ba su dace ba, haɗa su a daidaitawa ɗaya yana ba da lamba mai ƙaramin kuskure wadda ba ta cancanci a yarda da ita sosai ba. Hanya mafi aminci ita ce ka fitar da Vcb rukuni-rukuni, ka raba abin da aka auna a kowane rukunin w da hasashen raga. Idan komai lafiya, lambar ba za ta canza daga rukuni zuwa rukuni ba. Idan tana hawa ko gangara, ka ga ciwon da idonka.

Hanya ta biyu, ta tattarawa, ba ta tambayar wane hadron ya fito. Ana ƙirga duk rugujewar B zuwa lefton, nutirino da kowane abu mai ɗauke da c, kusan kashi 10.65 cikin 100 ga kowane nau'in lefton mai sauƙi. Tunda an tattara duka, yadda c ya yi sutura ya zama hadron ba ya canza jimla, sai a lissafa kamar kwak b ne mai ƴanci, a bi da gyare-gyare. Chay, Georgi da Grinstein a 1990, sannan Bigi, Shifman, Uraltsev da Vainshtein a farkon shekarun 1990, sun nuna babu gyaran 1/mb. A 1/mb² akwai lambobi biyu: μπ², motsin b a cikin meson, kusan 0.45 GeV², da μG², wanda kashi uku cikin huɗu ne na wancan 0.48 GeV² na B* da B, wato kusan 0.36.

Wannan za ka iya gwadawa da kalkuleta yau. Γ = GF² mb⁵ |Vcb|² f(ρ) / 192π³, inda Γ adadin rugujewa ne, ρ = mc²/mb² (ba ρ na gangarar CLN ba), f(ρ) = 1 − 8ρ + 8ρ³ − ρ⁴ − 12ρ² ln ρ. Matsakaicin rayuwar B0 da B+ fikosakan 1.58 ne. Ninka 0.1065 da 6.582 × 10⁻²⁵ GeV·s ka raba da 1.58 × 10⁻¹² s, ka samu Γ kusan 4.44 × 10⁻¹⁴ GeV. Ɗauki mb = 4.57 da mc = 1.09 GeV: ρ = 0.057, f kusan 0.658, mb⁵ kusan 1,993. Amsar da za ta fito ita ce |Vcb| kusan 0.0385. Yanzu sa gyare-gyare: na gulon yana rage Γ da kusan kashi 10, na 1/m² da 1/m³ kusan kashi 7, na lantarki ya ƙara kashi 1.4. Jimla ninki ne na kusan 0.85, kuma Vcb ya hau zuwa 0.042. Ka duba da kyau: duk tazarar da ake gardama a kanta girmanta ɗaya da waɗannan gyare-gyare. Ba a yi kuskure a kansu da ninki biyu ba, amma wannan yana nuna maka irin tsantsenin da ake buƙata.

Babban tarko a nan nauyin b ne. Kuskuren kashi 1 a mb kashi 5 ne a mb⁵. Kuma "nauyin kwak" ba abu ɗaya ba ne, tunda ba a taɓa ɗora shi a sikeli shi kaɗai ba. Idan ka yi amfani da nauyin fol, wato nauyin da ake fassarawa kamar kwak ɗin mai ƴanci ne, jerin αs ba ya lafawa, kowane mataki yana kawo gyara mai girma, domin wannan nauyi yana ɗauke da rashin tabbas na kimanin Λ a cikin fassararsa. Shi ya sa ake amfani da tsarin kinetik, inda mb kusan 4.57 GeV ne a ma'aunin 1 GeV. Kada ka taɓa ɗauko 4.18 GeV na tsarin MS-bar ka jefa cikin dabarar da aka rubuta don tsarin kinetik. Wannan kaɗai yana rage mb⁵ da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Lambobin μπ² da ƴan'uwansa ana ciro su ne daga siffar bayanai: matsakaici da faɗin rarrabuwar makamashin lefton da na nauyin hadron, a yanke daban-daban na ƙaramin makamashin lefton. Bayan Fael, Schönwald da Steinhauser sun kammala gyaran αs³ a 2020, Bordone, Capdevila da Gambino suka samu (42.16 ± 0.51) × 10⁻³ a 2021. Wata hanya ta daban da ke amfani da rarrabuwar q² ta ba da kusan 41.7 × 10⁻³ a 2022.

Ita ma wannan hanya tana da raunukanta. Daga 1/m⁴ zuwa sama lambobin da ba a sani ba suna yawaita fiye da abin da bayanai za su iya tsayarwa, sai a ƙiyasta su. Kuma don gwaji ya gyara ingancin na'urarsa dole ya kwaikwayi abin da ke cikin "kowane abu mai c", alhali idan aka tara D, D* da sanannun D masu nauyi, jimlar ba ta cika kason da aka auna ba. Akwai giɓi da ake cikewa da zato. Duk da haka, a ganina hanyar tattarawa ta fi zama daram a yanzu: jerin αs ya lafa, kuma hanyoyi biyu masu zaman kansu sun ba da abu ɗaya. B zuwa D, da raga ta fi iya lissafawa domin D ba ya rugujewa ta ƙarfi mai tsanani, yana ba da kusan 0.040, a tsakiya. Na fi zargin siffar B zuwa D* da yadda ake sarrafa bayanansa, kuma Belle II, da ta fara ɗaukar bayanai a 2019, ita ce za ta iya raba gardama idan ta fitar da cikakkun lambobin kusurwa a kowane rukunin w.

Za ka ji ana tambaya ko sabuwar fiziks ce. Da wuya. Ƙarin kwarara ta hannun dama, misali, tana ɗaga amfilitud na D ta sauke na D* a w = 1, amma tana kuma canza rarrabuwar kusurwoyi, kuma girman da ake buƙata don rufe tazarar ya ci karo da wasu ma'aunai. Muhimmancin tazarar yana wani wuri. Jadawalin CKM, na Cabibbo a 1963 da Kobayashi da Maskawa a 1973, yana ɗaure Vts da Vcb, don haka hasashen Bs zuwa muwon biyu yana tafiya da Vcb², babban ɓangaren εK, ma'aunin bambancin kayon da kishiyarsa, kuma da Vcb⁴. Daga 39 zuwa 42 kashi 7.7 ne, a murabba'i kashi 16, a ninki huɗu fiye da kashi 30. Duk wanda ke neman sabuwar fiziks a waɗannan wurare, wannan tazara ce ke ɗaure masa hannu.

Inda ake zancen sabuwar fiziks da gaske shi ne R(D) da R(D*), rabon rugujewa mai tau da mai lefton mai sauƙi. Vcb yana sokewa, yawancin ma'aunan siga ma haka. Daidaitaccen Tsari yana hasashen kusan 0.30 da 0.254. BaBar a 2012 ta auna 0.440 da 0.332, LHCb a CERN ta samu 0.336 ga D* a 2015, kuma matsakaicin duniya ya daɗe yana kusan sigma 3 sama da hasashe. A nan ka kula da abu biyu. Tau yana da nauyin 1.777 GeV, don haka f0 da ma'auni na huɗu na D* sun farka, kuma su bayanan ilektiron da muwon ba sa auna su, sai raga ko HQET. Sannan hasashen R(D*) kansa ya dogara da waccan siffa da ake gardama a kai: raga ta Fermilab da MILC ita kaɗai ta ba da 0.265 ± 0.013, sama da abin da ake samu idan an haɗa da bayanan gwaji. Ka kuma tuna da RK, rabon muwon da ilektiron a rugujewar B zuwa K, wanda LHCb ta auna 0.846 a 2021, sannan a Disamba 2022 ya dawo kusa da 1 bayan an gane cewa wasu hadron suna shiga samfurin a matsayin ilektiron.

Ga aikinka, ka fara da B zuwa D, domin ma'auni ɗaya ne, f+, kuma raga da gwaji sun dace a siffa. Ɗauko rukunan w na Belle na 2015 da ma'aunan Fermilab/MILC na shekarar, waɗanda suka zo a w = 1, 1.08 da 1.16, ka rubuta BGL da kanka, ka sa sharaɗin f+(0) = f0(0) a q² = 0, ka yanke a z², sannan z³, ka ga ko amsar ta tsaya kusa da 0.040 zuwa 0.041. Ka rubuta a fili ko ka sa 1.0066, da kuma ko ka sa gyaran jan caji na 1 + πα, kusan 1.023 a adadin rugujewa, wanda ya shafi B0 kaɗai domin D da lefton duka suna da caji a can. Takardu sun bambanta a kan wannan na biyu, kuma shi kaɗai yana motsa Vcb da kashi 1 cikin 100. Sai lissafinka na D ya maimaita lambar da aka buga, sannan ka shiga D* da kusurwoyinsa uku.